Idon Gwaggo Delu da Gurbin da Ya Gagare Ni

Ranar Talatar da ta wuce na fita da niyyar gyara wa hukuma Turancinta, na dawo gida an tabbatar a gaban jama'a cewa ban san sunan ɗan gwaggona ba. Na so in rufa wa kaina asiri, amma Ƙofar Rini ba unguwa ce da ake rufa wa ɗan boko asiri ba. Kafin labarin ya iso muku da ƙari, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Gwaggo Delu yayar babana ce. Yanar ido ta rufe mata ido biyu tun bara waccan. Matar da take zuwa kasuwa ita kaɗai, ta tsaya ciniki har mai kaya ya gaji ya sallama, yanzu sai an riƙe mata hannu kafin ta tsallake kwatar ƙofar gida. Duk wanda ya riƙe hannun kuwa sai ya sha faɗa, kamar shi ya sa mata yanar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne jikarta, 'yar babban ɗanta Na'Allah, wadda aka sa wa sunanta. Yarinya har ta fara rarrafe, gwaggo ba ta san kamanninta ba, sai dai ta shafa fuskar ta ce hancin dai na gidansu ne.

Sai aka yi shela a rediyo cewa Mai Girma Uban Tausayi, Allah ya ƙara masa tausayi, ya kawo likitocin ido daga nesa, za su yi wa tsofaffi aiki kyauta. Na'Allah ya kai ta gwajin farko, aka rubuta sunanta da nasa, aka ba su kati. Shi kuma fataucin albasa yake yi, albasa ba ta jiran kowa, ya hau mota ya nufi kudu. Ranar da aka ba gwaggo ita ce ta ƙarshe, washegari likitocin za su tattara kayansu. Dangi suka zauna suka duba wanda zai raka ta, sai aka ce Sirajo, ai shi ya yi digiri a Turanci. Na daɗe ina jiran ranar da digirin nan zai amfani wani ɗan Adam. Na goge rigata, na sa biro biyu a aljihun gaba.

Maƙwabcinmu Maccido ne ya ɗauke mu a kekensa mai ƙafa uku. Jiya ya wuni a layin mai, aka zo kansa aka ce injin zuba man ya yi zafi, ya ƙare da sayen kwalba a bakin titi. Tun daga ƙofar gida na fara yi masa bayanin yadda ake cutarsa.

Ya ce, "Sai haƙuri, Malam Sirajo."

Na ce, "Haƙurin nan naku shi ya durƙusar da ƙasar nan. A hana ku mai ku ce haƙuri, a hana ku wuta ku ce haƙuri. Wata rana za a ɗauke muku titin gaba ɗaya, ku ce to, dama ƙafa ta fi lafiya."

Ban rufe baki ba keke ya yi tari ya mutu. Maccido ya waiwayo cikin natsuwa ya ce, "To sauka ka tura, rashin haƙurin naka shi kai mu."

Na tura. Gwaggo tana ciki tana tambaya ko mun iso.

Dole in yaba wa hukuma, don ni ba na cikin masu ganin baƙi kawai. An yi shiri. An kafa rumfa mai labule, da kujeru masu laushi, da fanka a kowace kusurwa, duk babu kowa a kai, suna jiran manyan baƙi. Tsofaffin da aka tara dominsu kuwa suna kan benci a rana, kun kuma san ranar Sakkwato ba ta san kakan kowa ba. A jikin bango an rataya hoton Uban Tausayi mai girman ƙofar gareji, yana murmushi, ya ɗora hannu a ƙirji. Ku tsaya ku yi tunanin hikimar. A duk faɗin jihar nan an nemo mutanen da suka fi kowa rashin gani, an tara su wuri ɗaya, an kafa musu hoto. Wannan ba neman suna ba ne, tsabar tawali'u ne.

Aka miƙo mana fom. Da Turanci yake daga sama har ƙasa, rubutun ƙanana kamar an watsa gero a tabarma. Ana son adireshin imel na Gwaggo Delu. Ana son matakin karatun da ta kai. Ana son ta faɗi ko ta ji labarin shirin nan ne a kafar sada zumunta, in haka ne wacce. A can ƙasa an gargaɗi majiyyaci da ya karanta komai da kyau kafin ya sa hannu.

Da a nan na tsaya na yi fushi, da fushin ya yi ma'ana. Amma ni idona wani wuri ya tafi. A saman teburin ma'aikata akwai allon sanarwa da ke umartar jama'a su cike fom, an kuma rubuta "fill up". Jama'a, jinina ya hau. Bature ya raba abin nan kashi-kashi. In gurbi za ka cike a takarda sai ka ce "fill in". In fom ɗin gaba ɗaya ne, ka ce "fill in" ko "fill out", duk ya yi. Amma "fill up" na randa ne da tanki, abin da ake ɗura wa ruwa ko mai har ya kawo wuya. Na yi wa Maccido wannan bayani, ya ce na tankin nan shi ya daɗe bai ga an yi shi da kowane yare ba.

Na zaunar da gwaggo a benci, na nufi teburi. Wanda ke zaune wani mai ƙaton agogo ne, ya buɗe kwamfuta a gabansa, bari mu kira shi Ranka-ya-daɗe Mai Teburi. Na gaishe shi da Turanci don ya san da wa yake magana. Na nuna masa allon. Na kawo misali. Na ce ƙasa ba ta lalacewa a rana ɗaya, daga irin wannan sakacin ake farawa, yau kuskuren allo, gobe gada ta rufta. Ina jin har yatsa na ɗaga.

Abin mamaki sai ya saurare ni. Ya dubi allon, ya dubi masu kyamara da ke jiran isowar manya, fuskarsa ta canja. Ya kira na sama da shi. Na saman ya kira Babban Mai Ba Da Shawara Kan Harkokin Gani. Nan take aka ba da umarni a dakatar da karɓar fom sai an sauke allon an nemo mai fenti, kada a ɗauki hoton Uban Tausayi da kuskure a bayansa. Tun da nake rubutu a wannan fili ina kuka kan mai, kan ruwa, kan magudanar da ta toshe a unguwarmu, ba a taɓa amsa mini ba sai ranar nan. Sakamakon shi ne layin tsofaffi ya tsaya cak a rana har aka kira azahar.

Wani dattijo a bayana ya tambaya, "Mi ya hwaru aka tsaya?"

Aka ce masa, "Wani yaro na, ya ce Turancinsu bai nuna ba."

Ya ce, "Allah shi ba shi lada daidai aikinai."

Ban ce amin ba. Na koma gefen gwaggo na sunkuyar da kai na kama cike fom. A nan kam na nuna gwaninta. Suna, unguwa, shekaru na ƙiyasta, imel na sa nawa, matakin karatu na rubuta makarantar allo duk da ba su ba ta gurbi ba. Na iso wurin da ake son sunan makusanci, wanda za a nema in wani abu ya taso, na rubuta Na'Allah da manyan baƙaƙe masu kyau.

Da aka ci gaba da aiki muka kai gaban Mai Teburi, ya danna kwamfutarsa ya girgiza kai.

"Ba wannan sunan aka rubuta ranar gwaji ba. Wanda ya kawo ta da katin ɗan ƙasa ya yi rajista. Sunan yanka muke so."

Na ce, "To ai ga shi nan a gabanka, karanto mini in rubuta."

Ya ce, "Aikina in duba ko ya yi daidai, ba in faɗa maka ba. Bara wasu sun sayar da gurabun mutane, shi ya sa aka tsaurara."

Waɗanda suka sayar da gurabun bara, na tabbata ba tsofaffin kan benci ba ne, amma su aka tsaurara wa. Na buɗe baki in faɗi haka, sai na tuna da tawa matsalar. Ban san sunan yankan ba. Na'Allah ya girme ni nesa, na buɗe ido na ji kowa na ce masa Na'Allah, abokin wasana ne, na ci kuɗin sharar sallarsa ba adadi, amma ban taɓa tambayar kaina ko liman ya raɗa masa wani abu dabam ba. Na kira wayarsa, a kashe, yana can wani daji a kan buhunan albasa. Na kira ta babana, tana gida a caji, shi yana gona a Kwalkwalawa. Mai Teburi ya ce da la'asar za a rufe, ya kira na gaba.

Na ce abu mai sauƙi, ga uwarsa a zaune. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, sunan Na'Allah na yanka suke so."

Ta yi kamar da bencin nake magana.

"Gwaggo, sunansa na gaskiya."

Ta ce, "Kai dai rubuta wanda kas sani."

"Na rubuta, sun ƙi."

"To su bar shi."

Sai a lokacin na tuna. Ɗan fari ne. Irin su gwaggo ba sa kama sunan ɗan fari, kamar yadda ba sa kama sunan miji. Ko Na'Allah ɗin ban taɓa jin ta faɗa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mai albasa". Na san da al'adar, har na taɓa rubuta a jarrabawa cewa tana cikin abubuwan da zamani ya shafe, aka ba ni maki mai kyau.

Zafin rana da kunyar allo suka haɗu suka hau mini kai. Na ce, "Gwaggo, kalma biyu ce fa. Idonki ne. Gobe mutanen nan za su tafi, ba mu san ranar dawowarsu ba. A kan wata tsohuwar al'ada za ki zauna cikin duhu? Irin wannan ne ya hana mu ci gaba. Raɗa mini a kunne, ba wanda zai ji."

Ta laluba ta ɗauki sandarta, ta miƙe.

"Kira Maccido shi maishe ni gida."

"Gwaggo."

"Wanga ɗa tun da nih haihe shi ban ɗauke shi gaban mutane ba. Uwar mijina tar raine shi. Ya yi ƙyanda kamar ba shi tashi, ina bayan ɗaki ina kuka, ban kira sunanai ba. Sai yau, gaban maza, don takarda? In an gyara idon, da wane ido za ni duban shi?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da gaske take. Na san gwaggo, in ta ce gida, gida ne. Na tsaya riƙe da fom, gurbi ɗaya ya rage, ga biro biyu a aljihu, ga ilimin bambance randa da takarda, babu wanda zai cike mini shi. Na ga jikarta tana girma tana tafiya makaranta gwaggo tana shafa mata fuska. Na kuma ga cewa da ban tsayar da layi ba, da tun da safe muka ci karo da matsalar nan, lokacin da babana bai bar gida ba.

Sai wata murya ta fito daga ƙarshen bencin.

"Wagga masifa na san ta. Delu ta ta Ƙofar Rini?"

Gwaggo ta juya kunne. "Wa ka magana? Zainaba? Ke ma idon ya tahi?"

"Ya daɗe da tahiya. Ashe tun safe muna benci guda."

Inna Zainaba ce ta Ƙofar Taramniya, ƙawar gwaggo tun suna amare, rashin gani ya raba su. Suka laluba suka riƙe hannun juna, suka shiga gaisuwa, ana tambayar wanda ya mutu da wanda ya rage, ni ina kallon inuwa tana matsowa. Da ƙyar na sa baki na faɗi matsalarmu.

Inna Zainaba ta ce, "Wanga ɗan wane na, mai tsai da layi?"

Gwaggo ta ce, "Na ƙanena na. Boko ya yi mishi yawa, amma ba shi da mugun hali."

"Ɗan ga, ni nat tuƙa tuwon sunan da kaka nema. Delu, rufe kunnenki."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe kai, ta juya baya, ta kama tasbihi da ɗan ƙarfi. Inna Zainaba ta ce, "Umar Faruk." Na rubuta.

Sai ta zaro nata fom ɗin daga cikin zane, ya jiƙe da gumi. Wani ya cike mata tun da safe ya bar gurbi ɗaya. Ita mijinta ne ya yi mata rajista, yana gida ƙafa ta hana shi fita, ita kuma ta gwammace ta koma da yanarta da ta kama sunansa a bainar jama'a. Gwaggo ta yaye mayafi, ta gyara murya kamar mai shela.

"Rubuta Ɗayyabu. Ɗayyabu mai rowar goro."

Inna Zainaba da ta toshe kunne ta ce, "Na ji na ƙarshen, kuma ba ki yi ƙarya ba."

Ashe ba su kaɗai ba ne. Da matan bencin suka ji abin da ya faru, sai fom ya fara fitowa daga cikin zane da ƙarƙashin hijabi, kowanne da gurbinsa a buɗe. Aka shiga cigiya: wa ke nan daga unguwa kaza, wa ya san gidan wane. Wannan ta faɗi na waccan, waccan ta faɗi na wannan, mai fom ɗin ta toshe kunne. Ni da na zo gyaran ƙasa na ƙare a durƙushe a ƙasa, fom a kan gwiwa, tsofaffi na yi mini gyara in na yi jinkiri. Biro ɗaya ya ƙare, na ciro na biyu. Wasu ba a sami wanda ya san su ba. Mata biyu daga ƙauye na ga sun naɗe takardarsu sun tafi, kuma wannan ba abin dariya ba ne, har yanzu yana ci mini rai.

Kada mai karatu ya ɗauka na tuba daga faɗa. Ban tuba ba. Wanda ya tsara fom ɗin nan ba daga wata duniya aka sauko da shi ba. Mai Teburi da kansa, da na matsa masa, ya ce tasa uwar ma ba ta kama sunan yayansa. Kowa a ofishin ya san da haka, amma ba wanda ya ce a sa mace ɗaya a gefe da za ta tambayi tsofaffi cikin sirri, ko a karɓi lambar katin kawai, ko a buga takardar da Hausa da ajami. An sami kuɗin labule da fanka da hoto mai girman gareji. Na ce masa ina da shawara. Ya buɗe aljihun teburi ya miƙo mini fom ɗin ba da shawara. Da Turanci.

An yi wa gwaggo aiki kafin a rufe. Ido ɗaya. Fom ɗaya ido ɗaya, in ji su, na biyun sai an ƙaddamar da kashi na biyu na shirin, wanda muke sa ran zai zo daidai lokacin da za a sake buƙatar tsofaffi a wani layin dabam.

Da muka koma washegari aka cire mata bandeji, Maccido ya kawo matar Na'Allah da yarinyar a keke. Gwaggo ta ɗaga takwararta zuwa haske ta daɗe tana kallo, sai can ta ce hancin ba na gidansu ba ne, an cuce ta. Amma ba ta sauke ta ba har muka tashi. Ni kuma ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe haka na rame, ko Turancin ne ke cin jiki.

Da yamma Na'Allah ya kira, labari ya riga ya kai masa har kudu. Ya ce daga yau in na zo karɓar kuɗin shara sai na cike fom, in faɗi cikakken sunansa, in ba haka ba babu ko sisi.

A hanyar fita ranar da aka cire bandejin na ɗaga kai na duba. An kafa sabon allo, Turancinsa tsaf babu inda za ka sa biro, an kuma yi amfani da damar an ƙara wani hoton Uban Tausayi a gefensa, wanda ya fi na farko girma. Fom ɗin yana nan yadda yake. Saboda haka duk mai cewa surutuna bai taɓa kawo sauyi a ƙasar nan ba, ya je ya gani da idonsa. Gwaggo ma ta gani da nata guda ɗayan. Ta tsaya gaban hoton ta ƙare masa kallo, ta ce Allah ya jiƙansa, ta tambaye ni yaushe ya rasu.